Kalash Ba Ta Tsufa: Bindigar Soja da Dokar da Ke Bin Ta a Baya

Koira Kano na cikin unguwannin Yamai da ba a cika jin hayaniya ba. Tana yammacin birni, maƙwabciyar Yantala da Gudel, ga hanyar ofisoshin jakadanci nan kusa. Gidajenta manya ne, katangunsu dogaye, mazaunanta kuma akasari manyan ma'aikata ne da hafsoshi da attajirai da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. A yawancin ƙofofi mai gadi ne zaune da sanda da fitilar hannu da tukunyar shayi. Amma a ƙofar wani babba, ko a mararrabar da jami'an tsaro ke tsare motoci da dare, abin da ke rataye a kafaɗa daban ne: baƙar bindiga mai lanƙwasasshen gidan harsashi, wadda ko yaron goye a Nijar ya san sunanta. Kalash.

Wannan bindiga da ke ba mazauna unguwar kwanciyar hankali, irinta ce a hannun mahara a dazukan Tilaberi. Irinta ce a hannun masu satar shanu da mutane a kudancin Maraɗi, irinta ce kuma ke raka masu haƙar zinariya a Jado. Ƙira ɗaya, harsashi ɗaya, wani lokaci ma masana'anta ɗaya da shekara ɗaya. Saboda haka duk mai son fahimtar matsalar tsaron Sahel ta fuskar makami, ba tambayar wa ya fi kyakkyawar bindiga zai soma yi ba. Tambayar ita ce: wa ya san adadin nasa, wa ke iya tsare su, wa kuma ke da harsashin ciyar da su?

Abin da ya sa take aiki cikin rairayi

Mikhail Kalashnikov, sojan tankin yaƙi na Tarayyar Sobiyet da ya ji rauni a yaƙin duniya na biyu, shi ya jagoranci ƙera samfurin da aka laƙaba wa shekarar 1947. Rundunar Sobiyet ta karɓe ta a 1949, sannan a 1959 aka fito da AKM, wadda ta fi sauƙin nauyi da arhar ƙira. Daga nan Mosko ta raba fasahar ga ƙawayenta. Sin ta yi tata mai lamba 56, Romaniya da Bulgeriya da Polan da Jamus ta Gabas da Masar kowa ya yi tasa. Yawancin abin da ake kira AK-47 a kasuwannin bayan fage na Afirka ta Yamma ƴaƴa ne da jikokin waccan ta asali.

Sirrin juriyarta ba wani abin ɓoye ba ne. An bar sarari tsakanin ƙarafan da ke motsi a cikinta, don haka ƙura da yashi ba su cika cije ta ba. Iskar da albarushi ke fitarwa tana tura wani ƙarfe mai nauyi baya da ƙarfin da ya isa ya ture datti. An shafe cikin bututunta da ƙarfen da ke hana tsatsa. Sassanta kaɗan ne, ana kwance ta a harhaɗa ba tare da kayan aiki ba. Gidan harsashinta na cin 30. Abin da ta biya a madadin wannan juriya shi ne saiti: idan nisa ya wuce mita 300, samun abin hari sai gwani.

A nan ne G3 ta Jamus da FAL ta Beljiyam suka fi ta. Harsashinsu ya fi girma, ya fi cin nisa, abin da ke da amfani a fili fetal irin na Azawak ko Tenere. Sai dai sun fi nauyi, gidan harsashinsu 20 yake ci, kuma harsashin nasu ba ya yawo a daji kamar na kalash. Najeriya, wadda ta kafa masana'antar makamanta ta DICON a Kaduna tun 1964, ta daɗe tana riƙe da waɗannan biyun kafin kalash ta mamaye barikoki. Sojan Nijar kuwa da bindigogin Faransa ya tashi bayan samun ƴanci a 1960, irin su MAS da MAT 49, daga bisani shi ma ya koma kan kalash.

Amurka ta koyi darasin juriya da jinin ƴaƴanta. A Biyetnam, tsakanin 1966 da 1967, sabuwar bindigarta M16 ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, kwanso ya maƙale, soja ya rasa yadda zai yi. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya fitar da rahoto a Oktoban 1967. Ya gano cewa an sauya irin albarushin da aka tsara bindigar da shi, an kuma raba ta ga sojoji ba tare da isassun kayan goge ta da horo ba. Da aka gyara waɗannan, aka kuma shafe mazaunin harsashin da ƙarfen hana tsatsa, sai ta zama bindigar da Amurka ta shafe shekaru gommai tana yaƙi da ita. Wato rabin ingancin bindiga a masana'anta yake, ɗaya rabin yana hannun mai sayen harsashi da mai kula da ma'ajiya da mai koyar da kurata.

Tsohon darasi daga Satiru

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan darasi ba ce. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya tara dubban bindigogin toka, har maƙeran Zinder suka riƙa zuba masa igwa, ya zama abin tsoro ga maƙwabta. Turawa sun ga irin wannan, shi ya sa yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa baƙar fata ta toka da albarushin kasuwa. Wannan dokar makamai da ta shafi yankin, ke nan, don tsare fifikon mai mulki aka rubuta ta. Da wannan fifiko rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Lugu da Birnin Ƙonni a 1899 tana ƙone garuruwa, da shi kuma Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Amma a Fabrairun 1906, a ƙauyen Satiru kusa da Sakkwato, talakawa masu gatura da fartanya da baka suka auka wa rundunar sojan doki ta Ingilishi kafin ta gama shiri. Suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka kuma kwashe bindigar Maxim mai aman wuta wadda ko harba ta ba a kai ga yi ba. Wata guda bayan nan aka dawo da babbar runduna aka shafe garin, aka kashe mutane kusan dubu biyu. Duk da haka abin da ya faru a karon farko ya tabbata a tarihi: makamin da ya fi kowanne a zamaninsa bai tsinana komai ba da aka yi wa masu shi ba-zata, ya kuma kwana a hannun abokan gaba.

Inates, Shinagodar, Tongo Tongo

Shekara 113 bayan Satiru, ranar 10 ga Disamban 2019, ɗaruruwan mahara a kan babura da motoci suka far wa sansanin soja na Inates, kusa da iyakar Mali. Sojoji 71 suka kwanta dama. Ranar 9 ga Janairun 2020 aka maimaita a Shinagodar, inda aka rasa 89. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sauya babban hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Salifu Modi ya karɓi ragama. Kafin waɗannan, a watan Yunin 2016, Boko Haram ta kutsa Bosso a jihar Difa ta kwashi makamai da motoci.

Babu wanda ya ce waɗannan sansanoni sun faɗi ne don kalash ɗin soja ta ƙi tashi. Abin da aka yi ta nanatawa shi ne yawan maharan, saurin babur, rashin labarin zuwansu da wuri, katsewar sadarwa, da nisan da ɗauki zai yi kafin ya iso. Ko a Tongo Tongo, ranar 4 ga Oktoban 2017, inda aka kashe sojojin Amurka huɗu tare da abokan aikinsu na Nijar, bindigogin Amurkawan na zamani ne. Binciken ma'aikatar tsaron Amurka da aka bayyana a Mayun 2018 ya ɗora laifin a kan kurakuran tsari da horo da kuma yadda maharan suka ninka su yawa.

Akwai kuma abin da sojan da ya taɓa shiga daji ya fi kowa sani. A fili, ba kalash ke yanke hukunci ba. Bindiga mai jigida ta PKM, da babbar nan mai harsashin 12.7 da ake girkawa a bayan mota, da roka ta RPG, su ke tsayar da ayari ko su tarwatsa shi, domin suna cin nisan da kalash ba ta kaiwa. Kuma su ne abin da mahara suka fi kwaɗayi idan suka ci sansani. Kowane sansanin da ya faɗi asara biyu ce: an rasa mazaje, an kuma yi wa abokin gaba guzurin harin gaba.

Daga ina suke fitowa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce Libiya. Akwai gaskiya a ciki. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makamanta sun zama na kowa, ayarin motoci suka riƙa ratsa mashigin Salbado da arewacin Agadas zuwa Mali. Amma rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta wallafa kan Nijar a Janairun 2018, wanda Savannah de Tessières ta rubuta, ya nuna cewa wannan kwarara ta ragu bayan ƴan shekaru, saboda Libiyawa da kansu sun koma buƙatar makaman don yaƙin basasarsu, ga kuma sa ido da aka ƙara a arewa. Rahoton ya nuna ƙungiyoyin masu tayar da ƙayar baya sun fi dogara da abin da suke ƙwata daga jami'an tsaron ƙasashen yankin.

Masu binciken Conflict Armament Research, waɗanda aikinsu shi ne karanta lambobin jikin bindiga su bi sawunta zuwa masana'anta, sun duba makaman da aka kama a jihar Difa, suka fitar da sakamako a 2022. Akasarin bindigogin tsofaffi ne masu shekaru gommai, kuma wani kaso mai tsoka daga rumbunan gwamnatocin yankin tafkin Chadi ya fito. A Agustan 2021 ƙungiyar Amnesty ta nuna hotunan mayaƙan Sahel riƙe da sababbin bindigogi ƙirar Sabiya, irin waɗanda aka sayar wa Burkina Faso ta halattacciyar hanya.

A Najeriya kuwa babban mai binciken kuɗi na tarayya ne da kansa ya fasa ƙwan. Rahotonsa na shekarar 2019, wanda ya fito fili a farkon 2022, ya ce zuwa ƙarshen 2018 rundunar ƴan sanda ba ta iya ba da bayanin inda makamai 178,459 suke ba, 88,078 daga ciki kalash ne. Ko da a ce rabin wannan adadi kuskuren rajista ne, rajistar da ke ɓatar da dubban bindigogi a takarda ba za ta lura ba ranar da suka ɓata da gaske. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Nijar ma ta ga nata. A 2020, bayan Inates da Shinagodar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro zamanin minista Isufu Katambe ya duba kwangilolin sayen kayan soja na shekarun baya. Rahoton farko ya yi maganar kimanin biliyan 76 na sefa da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. An yi ta jayayya kan alƙaluman daga baya, amma zancen ya riga ya shiga gidajen da aka yi zaman makoki. Matar da ta rasa miji a bakin daga ba ta buƙatar a yi mata bayanin alaƙar kwangila da harsashi.

Dokar 1963 a zamanin babur da kalash

A takarda, Nijar na cikin ƙasashe masu tsaurin doka. Makamin yaƙi haramun ne ga farar hula. Mai son riƙe ƙaramar bindiga ko ta farauta sai ya nemi izini daga ma'aikatar cikin gida, a binciki halinsa. Kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗauri ga wanda aka kama da makami ba izini. Sai dai ginshiƙin wannan tsari dokar shugaban ƙasa ce ta 23 ga Afrilun 1963, zamanin Diori Hamani, lokacin da bindigar da hukuma ke tunani a hannun talaka ita ce ta maharbi da ta mai tsaron gona. Masu nazari sun sha nuna cewa ta tsufa, ba ta hango dillalin makamai na zamani ba, balle ƙananan bindigogin tsoratarwa ƙirar Turkiyya da ake juyawa su koma masu harba harsashin gaske.

Ƙiyasin Small Arms Survey na 2017 ya ce akwai bindigogi kimanin 117,000 a hannun fararen hula a Nijar, waɗanda ke da rajista kuwa ba su wuce ƴan dubbai ba. A Najeriya ƙiyasin ya haura miliyan shida. Can ma dokar makamai ta 1959 ce, tun kafin Turawa su tafi: makamin yaƙi sai da sa hannun shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da izinin sufeto janar na ƴan sanda, ta toka kuma kwamishinan ƴan sandan jiha. Abin lura shi ne wanda ke bin layi ya cika takarda ba shi ne ke tare hanya ba. Doka tana ganin ɗan kasuwar Yamai da ya je neman izini, ba ta ganin yaron da ke rataye da kalash a dajin Baban Rafi.

Ba za a ce Nijar ta naɗe hannu ba. Tun 1994, ana tsakiyar tawayen arewa, ta kafa hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, CNCCAI, ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, tun kafin yawancin maƙwabta su yi tunanin irinta. Najeriya sai a 2021 ta kafa cibiyarta ta ƙasa. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau ake tunawa da ita a matsayin ranar haɗin kan ƙasa, an tara bindigogi fiye da dubu na tsoffin ƴan tawaye aka cinna musu wuta a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000, kamar yadda Mali ta yi a Tumbuktu a Maris na 1996. An kuma gwada shirin karɓar makami a ba al'umma aikin raya ƙasa a N'Gigmi.

Amma a Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, sabon tawaye ya tashi. A Janairun 2008 nakiya ta tashi da motar shugaban wani gidan rediyo mai zaman kansa a Yantala, cikin Yamai, ya rasu nan take. Ƙona bindiga dubu ba ta rufe ƙofar da wasu dubbai ke shigowa ba, ba ta kuma kawar da dalilin da ya sa mutum ya nemi bindiga tun farko ba.

Yarjejeniyar da aka bari a baya

Domin makami ba ya sanin iyaka, ƙasashen Afirka ta Yamma sun nemi maganin haɗin gwiwa. A Abuja, ranar 31 ga Oktoban 1998, ƙungiyar CEDEAO, wadda a Najeriya ake kira ECOWAS, ta ayyana dakatar da shigowa da ƙera ƙananan makamai. Ranar 14 ga Yunin 2006 aka mayar da wannan alkawari yarjejeniya mai ƙarfin doka, ta soma aiki a 2009, Nijar na sahun farko na waɗanda suka amince da ita. Tsarinta shi ne duk ƙasar da za ta sayo makamai sai ta nemi sahalewar ƙungiya, sauran ƙasashe su sani. Ta wajabta buga alama a jikin kowace bindiga da ajiye rajista, ta kuma haramta miƙa makami ga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba sai da yardar ƙasar da abin ya shafa. A 2015 Nijar ta ƙara da shiga yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kawo Janar Abdurahaman Tiani, ya sauya taswirar. Sojojin Faransa na ƙarshe sun fice ranar 22 ga Disamban 2023, na Amurka suka kammala tafiya a Satumban 2024, aka kawo ƙarshen aikin EUCAP na Tarayyar Turai da ke horar da jami'an tsaron cikin gida tun 2012. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES, suka sanar da ficewa daga CEDEAO a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Magoya bayan wannan mataki na cewa ƙasar da ke yaƙi ba za ta jira izinin kowa ba kafin ta sayi abin kare kanta, kuma yanzu tana da ƴancin zuwa Rasha ko Turkiyya ko Sin. Hujja ce mai nauyi. Amma tsarin CEDEAO ba neman izini kaɗai ba ne, hanya ce ta musayar lambobi. Bindigar da aka ƙwace a Jibiya ko Illela, idan ta fito daga rumbun Yamai ko Wagadugu, wa za a tambaya, ta wace ƙofa? Wajibi ne AES ta gina tata rajistar, ta kuma bar taga buɗe tsakaninta da Abuja. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ɓarayin daji ba su fice daga kowace ƙungiya ba.

A ba talaka bindiga?

A Madarumfa da Gidan Runji da Gabi, kamar a Zurmi da Batsari da Sabon Birni, maganar da ake ji a bakin manoma ita ce: tunda ba a iya kare mu ba, a bar mu mu kare kanmu. Ba wanda ya kwana a gona don tsoron a ɗauke shi a gida da zai raina wannan magana. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su kare kansu a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga, hafsoshin tsaron tarayya suka ce ba hurumin gwamna ba ne. A Oktoban 2023 Katsina ta ƙaddamar da rundunarta ta tsaron al'umma. A ɓangaren Maraɗi kuwa soja na gudanar da aikin da aka sa wa suna Farautar Bushiya.

Abin da ya faru a wasu wurare ya isa a yi tunani. Ranar 2 ga Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu ya jagoranci ƴan sa-kai suka fita neman maharan da suka addabe su. Aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. Zuciya ba ta gaza ba, amma bindigar toka da ta farauta ba sa karawa da mai jigida. Idan kuma aka ce to a ba su kalash, sai a duba Burkina Faso, wadda ta halatta ƴan sa-kan VDP a Janairun 2020 da horon mako biyu. Dubbai sun shiga, sun riƙe garuruwa da dama, amma sun zama abin farautar mahara masu neman makamansu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun sha zarginsu da kashe fararen hula, musamman Fulani. A Zamfara ma mutane da yawa na danganta ƙazancewar rikicin da ramuwar gayya tsakanin ƴan sa-kai da makiyaya.

Raba bindiga aikin yini ɗaya ne. Karɓo ta kuwa, tarihin Agadas ya nuna, yakan ci shekaru, kuma ba a taɓa karɓo duka.

Inda doka za ta iya kamawa

Idan ƙarfen ba ya lalacewa, me ya rage? Harsashi. Kalash na iya shekara hamsin tana aiki, amma gidan harsashi guda ƴan daƙiƙoƙi ne idan aka danne kunama. Maƙerin ƙauye na iya ƙera bindiga, har ya kwaikwayi siffar kalash, amma harsashinta sai masana'anta. Shi ya sa jami'an tsaro a hanyoyin Agadas da Tawa da Zinder, da takwarorinsu a Katsina da Zamfara, suke yawan kama harsasai a cikin buhunan hatsi da jarkokin manja da ƙarƙashin kujerun mota. Ɗan bindigar da harsashinsa ya yanke, sanda ce a hannunsa.

A gindin kowane kwanso akwai alamar masana'anta da shekara, amma wannan ba ya nuna rundunar da aka ba. Brazil ta ɗauki mataki a dokarta ta 2003: harsashin da za a sayar wa jami'an tsaro sai an buga masa lambar rukuni. Da aka harbe ƴar majalisar birnin Rio, Marielle Franco, a Maris na 2018, kwanson da aka tsinta ne ya nuna harsashin na rukunin da aka sayar wa ƴan sandan tarayya ne a 2006. Ƙasar da ke sayen harsashi da kuɗinta tana da ikon gindaya wa mai sayarwa wannan sharaɗi tun a takardar kwangila.

Sai ma'ajiya. Rumbun makamai mara tsari ba sata kaɗai yake jawowa ba. Fashewar barikin Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rayuka fiye da dubu, akasari mutanen da suka faɗa magudanar ruwa suna gudu. An ga irinta a Brazabil a 2012, a Bata ta Equatorial Guinea a 2021, da Njamena a Yunin 2024. Yamai birni ne da gidaje suka riga suka kewaye barikoki, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40, yanayin da ke gajarta rayuwar albarushi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ƙarshe shi ne ƙidaya, aikin da ba ya kawo lambar yabo. Kowace bindigar soja da jandarma da gardi da ɗan sanda da duwan da ma'aikacin gandun daji ta kasance da alamar ƙasa a jikinta da sunan wanda ya sa hannu ya karɓa. Bayan kowane hari a rubuta abin da ya ɓata da lambarsa, ba tare da kwamanda ya ji tsoron faɗin gaskiya zai ci masa muƙami ba. Makaman da aka ƙwato daga mahara kuma a rubuta su kafin a raba wa dakaru ko a lalata, domin a wannan gaɓar ce da yawa ke sake sulalewa. Sannan a sabunta dokar farar hula yadda maharbi da makiyayi mai tsohuwar bindiga za su iya zuwa su yi rajista ba tare da fargabar kurkuku ba, hukunci mai tsanani ya koma kan dillali da jami'in da ya sayar da abin da aka ba shi amana.

Jiragen yaƙi marasa matuƙi da motoci masu sulke su ake nunawa a talabijin ranar da aka sauke su, kuma ana buƙatar su. Amma akasarin waɗanda aka binne a Tilaberi da Tawa da Maraɗi cikin shekarun nan, harsashin bindigar kafaɗa ne ya kashe su. Kalash ɗin da aka ƙera lokacin Seyni Kunce na mulki tana harbi a yau. Wadda za ta ɓace daga wani sansani a bana, idan ba a san lambarta ba balle a neme ta, tana iya kaiwa 2070 tana aiki, a hannun wanda ko haihuwarsa ba a yi ba. Gwamnatin da ta sayo ta ce ke da alhakin sanin inda take, daga ranar da aka buɗe akwati har ranar da aka yanka ƙarfen.